Ranar Da Halfon Ba Ya Taka Fata

A Albaba, cikin shagon fatu
inda wari ke kwana a jikin bango,
shekara tara na riƙe sikeli
ga Halfon, Bayahuden Tarabulus.

Rana guda a shekara, ƙarshen damina,
gero ya sunkuyar da kai,
sai ya sa kwaɗo tun la'asar.
Mai sayen kirgi da fatar akuya,
ranar ba ya taka fata.
Ƙafa a ƙasa, farar riga,
ba ci, ba sha, daga faɗuwar rana
har wata faɗuwar.

Ya ce addu'ar ta mutum goma ce.
Ya duba ɗaki: shi, da tabarma, da ƙadangare.
Ya fuskanci gabas maso arewa, ya fara.

Waƙa ce, amma ba ta nishaɗi ba.
Kowane baiti da harafinsa,
kowane harafi da laifinsa,
a jere, kamar fatu a kan igiya.
In baiti ya ƙare
sai ya ƙwanƙwasa ƙirji da dunƙulen hannu,
a hankali,
irin na baƙon da ya iso da tsakar dare.

Bayan ya sha ruwa na tambaye shi,
me kake cewa?
Ya ce, "Mun yi. Mun ɓoye. Mun tauye."
Na ce, ku wa? Kai kaɗai ne a ɗakin.
Ya ce, "Nomau, laifi ba ya tafiya shi kaɗai."

Daren ban runtsa ba.
Babban yatsana ya san abin da ya sani:
yadda yake tallafar sikeli ta ƙasa
in Barmo mahauci ya waiga.
Laba nan, rabin laba can,
rarar kuma a aljihuna.

Halfon ya koma ya bar kwaɗon.
Shagon yau siminti ake sayarwa.

Ga ni da furfura, azumin Ashura,
leɓe ya bushe, na gwada tawa jerantar.
Alif, alkawarin da na kwana a kai.
Ba, bashin da na yi wa shiru.
Ta...

A Ta na tsaya.
Barmo ya daɗe a ƙasa.
Jikarsa na suyar awara a Ƙofar Guga.
Na ɗauki sanda, na cire takalmi.
Ban san kuɗin laba a farashin yau ba,
zan tambaya a hanya.