Hannu Na Biyar

Matakala ɗari da sittin da biyu ne daga bakin teku
zuwa gidan Filomena Arancibia,
kuma ni ke ɗauke da tsani.
Valparaíso gari ne da aka rataya a jikin dutse
kamar shanya.
Maigidana Eliodoro ya ce tun girgizar ƙasa ta ƙarshe
babu bangon da ya yarda ya miƙe a unguwar nan.

Fitilar ratayewa ta sayo, mai reshe takwas.
Kwalinta ya fi tagar kicin faɗi,
amma kokon da wayoyi za su kwanta a ciki
bai kai murfin kwalbar man shafawa ba.
Waya shida, makwancin uku.
Takardar bayani kuwa hoto ne zalla:
wani mutum marar gumi, yana murmushi,
ya ɗaga fitilar da yatsu biyu.

"Wanda ya zana wannan," in ji Eliodoro,
"bai taɓa hawa tsani ba.
Ko kujera ban yarda ya hau ba."

Na tallabe fitila bisa kaina,
kafaɗuna na ci da wuta,
shi yana laluben ramin da ido ba ya gani.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka;
huɗu gare mu, muna cigiyar na biyar.
Sukurun nan, ƙwayar shinkafa ta girme shi.
Baƙi aka rina shi, wai don ya dace da ƙarfen,
don kuma in ya faɗi kada a gan shi.
Ya faɗi.
Sau biyu muka ji shi a kan katako,
sai ya bi gangaren ɗakin, kamar komai na garin nan,
ya nufi teku.
Uku suka sako a kwalin.
Ko gyara babu.

Can cikin silin tsohuwar waya na kwance,
sanye da rigar zare.
Ka taɓa ta, rigar ta zube kamar toka.
Ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ta yi haƙuri,
na biyu ta karye, a inda filaya ba ta kaiwa.
Ita dai bai zage ta ba.
Ya ce shekara saba'in tana bauta ba hutu,
ta ci a yi mata uzuri.

Zaginsa na sababbi ne.
Ƙananan fitilun baranda masu sifirin biyu,
tarkon ɓera da aka yi wa fenti,
su suka mayar da farcen babban yatsansa shuɗi.
Sai makunnin da ke hira da wayar hannu,
mai ƙaton ciki, ya ƙi shiga akwatin bango,
yana kuma tambayar wata waya ta daban
wadda ba a haifi gidan da ita ba.

Daga ƙarshe ya zaro gwangwanin alewa,
tarin shekara talatin na abin da ya tsinta a ƙasa,
ya tona, ya tona, ya samo sukuru fari.
Bai yi kama da 'yan uwansa ba,
amma ya kama.

Rana ta faɗa ruwa, jirage sun kunna nasu,
muka ɗaga babban makunni.
Reshe takwas, bakwai suka amsa.
Na takwas sai da na murɗa masa kunne.

Filomena ta shigo da shayi da burodi mai zafi,
ta ɗaga kai, ta daɗe.
"Ta yi kyau," ta ce,
"sai dai ba ta zo tsakiyar tebur ba."

Eliodoro ya dubi silin.
Ya dubi farcensa.
Ya dube ni.
Ba wanda ya ce uffan.
Ya kama ƙafa biyu, na kama biyu,
muka matsar da tebur.