Magawan

Sunan da yaz zo da shi ya ƙi lanƙwasa a bakinmu,
Makgowan, kamar tsakuwa cikin tuwo.
Sai munka daka shi, munka ce Magawan,
shi ko yana amsawa, bai taɓa gyara mu ba.
Dogo ne, jan gashi har bayan hannu,
lissafi yake koya muna a aji uku,
alli a aljihu, alli a gira.

Ni kuwa, ran da anka sa ni a rajista,
akawu yac ce, "Sunan uba?" Nac ce, "Jabbi."
"Jabbi wa?"
Maƙeri ya tsaya mani a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.
Na haɗiye shi, nac ce, "Assada."
Sunan unguwa ya rufa mani asiri shekara uku.

Wata Alhamis, bayan la'asar,
ƙarfen kekensa ya karye wajen Ƙofar Taramniya.
Yara sunka rako shi, lungu bayan lungu,
har bakin rumfarmu.
Ga ni zaune ba riga, zugazugi tsakanin gwiwoyi,
gawayi har cikin kunne.
Da ƙasa na da ƙofa, da na shige.

Bai yi dariya ba.
Ya dubi uwar maƙera, ya daɗe yana dubanta,
kamar wanda ya tarar da kakarsa a kasuwar wani gari.
Ya zauna bisa tsohon turmi, yac ce, "Modi, faɗa wa babanka:
a harshen kakannina, Gelik, can Sikotlan,
Mak shi ne ɗa, Gowan kuwa daga maƙeri ya fito.
Ɗan Maƙeri, shi ke nan sunana."

Baba ya aje masaba.
"To, ina maƙerarku?"
"Babu. Tun kakan kakana ba wanda ya taɓa awartaki."
Sai ya shiga ƙirga muna masu sunan da yatsu:
likitan jirgin ruwa da ya mutu a teku,
alƙali guda, mai kurman kunne,
gwaggonsa da ta koyar da makafi karatu shekara arba'in,
da wani ɗan ƙwallo, shi kaɗai jarida ta sani.
Baba ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu:
"Kun riƙe kube, kun yar da wuƙa."
Na fassara, murya ƙasa-ƙasa,
don ni wuƙar na hannuna, kuben nike ɓoyo.

Sannan Baba ya ƙirga namu, yana bugu yana faɗi.
Barmo, da ya ƙera garma ɗari bashi a shekarar yunwa,
bai bi kowa ba har ya kwanta dama.
Nagoma mai hagu, da ke gane ƙarfe da ƙararsa.
Inna Ige, da ta yi zuga wata bakwai mijinta na kwance,
ba wanda ya san laujen bana da hannun mace.
Ba su shiga jarida ba,
amma je ka tambayi gonakin Kware.

Magawan ya roƙi zugazugi.
Ya zuga ba tsari, tartsatsi ya huda masa hannun riga.
Da ya miƙa sule biyu, Baba ya mayar:
"Maƙeri ba ya cin kuɗin maƙeri,
ko da wutarsu ta mutu."

Ran Litinin, wajen kiran suna,
yac ce, "Modi Assada," ya ɗan dakata,
ya dube ni ta saman tabarau.
Bai ƙara komai ba. Nac ce, "Ga ni."

Takardata har yau Assada ta ce.
Jiya ɗiyata Saratu na cika fom na jami'a,
ta ɗago kai: "Baba, sunan gida?"
Na karɓi biro, hannuna na rawa kaɗan.
Ƙ ɗin nan mai lanƙwasa,
sai da na danna shi har ya fito a bayan takarda.