Taku Huɗu

Biyar da rabi mota ke jefo ɗaurin jaridu.
Ni ke yanke igiya, ni ke fara ganin
wanda za a ci namansa yau.
Shekara ashirin da shida a wannan kanti,
kusa da tashar masunta ta Grimsby,
ƙafata ba ta san ƙofar fada ba,
amma daga can kuɗin hayata ke fitowa.

Yau gimbiyoyi biyu ne, ciki ɗaya.
An ɗauke su a matakalar coci,
babbar na duban sama, ƙaramar na duban takalminta.
An zana jan layi tsakaninsu,
an auna, wai taku huɗu.
An ɗauko gwanin karanta leɓe,
ya rantse ƙaramar "matsa" ta ce.
Wani gwanin a shafi na bakwai
ya rantse "madalla" ta ce.
Kowannensu an biya shi.

Kafin bakwai layi ya kai titi.
Direban bas ya ce wa matarsa zai kai,
ya jingina da firji ya karance tas.
Malamar makaranta ta ce wannan sana'a abin kunya ce,
ta cusa tata cikin jaka, ta ja zif.

Takwas daidai lokacin Glenda Birtwhistle ne.
Gwangwanin biskit bakwai ta cika da yankakkun hotuna.
Ta san hular da babbar ta sa ranar suna,
ta san ranar da ta yi kuka a mota.
"Yarinyar nan ba ta cin abinci," haka take ce mini,
kamar ita ta goya ta.

Tara daidai lokacin Noreen ne, ƙanwarta.
Layi uku ne tsakanin gidajensu,
da shekara goma sha ɗaya,
tun ranar da aka binne uwarsu
aka rasa wa zai ɗauki butar shayi
mai hoton kambi a ciki.
Glenda na bayan babbar gimbiya,
Noreen na bayan ƙarama.
Ni kuwa ina bayan kanta, ina ba da canji.

Yau ruwa ya tsare Glenda.
Ta shigo tara saura, lema na ɗiga,
ƙararrawar ƙofa ba ta gama kaɗawa ba
ta sake kaɗawa.
Jarida ɗaya ta rage a kan tebur.

Na auna da ido. Taku huɗu,
ko biyar in an haɗa da kwandon burodi.
Babbar na duban fitila,
ƙaramar na duban takalminta.
Ba mai kyamara. Ba mai jan biro.
Firji kaɗai ke gurnani.

Glenda ta ajiye sulalla, ta ɗauka,
ta dubi hoton tsawon numfashi uku,
ta ninke, ta mayar kan tebur,
ta tura da yatsa ɗaya.
Leɓenta ya motsa.
Bas ya wuce daidai nan, ban ji ba.
Ta fita. Ta manta lemarta.
Noreen ta ɗauki jarida,
ta yi jim,
ta ɗauki lemar ma.

Ina ta bi, hagu ko dama?
Na leƙa har goshina ya taɓa gilashi,
ni da nake dariyar masu layi.

Gobe mai soya kifi na maƙwabta
zai shimfiɗa gimbiyoyin nan a ƙasan kwando,
mai ya jiƙe jan layin.
Amma kafin azahar na faɗa wa mutum shida.
Ga uku na ce "yi haƙuri" ta ce,
ga uku na ce "riƙe tsiyarki".
Dukansu sun ce za su dawo gobe
su ji yadda ta kaya.