Ranar Ƙirga Faranti

Alhamis ce, farkon Oktoba.
Na iso kicin tun fitilun titi ba su mutu ba,
Bradford na yayyafinta na kullum,
na tusa kitsona cikin hular raga, na kunna wuta.

Yau Landan za ta ƙirga mu.
Ba zuwa za ta yi ba,
lamba kawai take jira a kwamfuta:
yara nawa ne suka miƙo faranti?
Kowane faranti da kuɗinsa,
kuɗin da za mu ja har baɗi war haka.

Shi ya sa Misis Holdsworth ta leƙo tun jiya:
“Uwani, gobe a bar kabeji ya huta.
Soya kifi, soya dankali,
har mai guzuri daga gida ya yi sha'awa.”
Na ce to. Ba ƙarya muka yi ba,
kwalliya ce irin ta ranar kasuwa.

Ga su nan sun jeru,
Kacper mai giɓi, Imaan da ba ta cin wutsiyar kifi,
tagwayen nan da har yau ban rarrabe su ba.
Ina zubawa, Maureen na danna na'ura,
ƙit, ƙit,
kowane ƙit yana tafiya kudu.

Ban raina kuɗin nan ba, Allah ya sani.
Na ga yaron da Litinin ke zame masa sallah
don Asabar da Lahadi shayi ya sha.
Hannun da ya tuna da shi daga nesa,
ko ban san mai shi ba, na gode masa.

Amma a zauren da suke cin abincin
bokiti uku ne, na huɗun tukunyata ce.
Takarda ta tafi tun hunturun bara,
aka ce muna cikin layi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mai kuɗin gyara kuwa
yana can inda rufi ba ya zuba.

Bara mai duba makarantu ya zo,
dogo, takalminsa ba ya ƙara.
Da rana aka bugo waya, washegari sai ga shi.
An ce ba a fafe gora ranar tafiya,
mu dai mun fafe, har ƙarfe goman dare,
malamai na manna zane a bango don rufe danshi.
Kwana biyu ya yi.
Ya gano yarinyar da ta shekara uku a kujerar baya
tana motsa baki kamar mai karatu.
Wannan kam ya yi gaskiya,
yanzu tana karanta min sunan abinci a allo.
Sai dai ya tsallake bokitin nan sau shida,
na ƙirga,
bai ɗaga kai ya dubi sama ba.
Ba aikinsa ba ne, in ji su. Wani ofishin ne.

Ƙarfe ɗaya Maureen ta ce ɗari da tamanin da bakwai.
Da ɗaya muka gaza bara.
Declan ne bai zo ba, ƙirji ya kama shi,
gidansu ma bangon na tsatsafo.

Na kankare tire, na wanke ludayi,
na zubar da ruwan tukunyata, na mayar da ita gurbinta.
Sannan na naɗe kifi guda da dankali a takarda,
na cusa a jaka, ƙarƙashin lema.
Gidansu na kan hanyar tashar bas.

Wannan farantin Landan ba za ta gan shi ba.
Ba shi da ƙit, ba shi da layi a lissafi.
Uwarsa ta buɗe ƙofa kaɗan, ta karɓa,
ta ce da sauran ɗuminsa.