Takardar Tsire

Ran Talata, bayan isha'i, a Tudun Wada,
na sayi tsiren ɗari biyar a wurin Barau.
Ya barbaɗa yaji, ya naɗe min a takarda.
Sai da na cinye, ina lasar yatsa,
na ga wani na kallona ta cikin maiƙo:
ƙadangare ne, da rawani, bisa kujerar alƙali.

Mai ƙara ta faɗi nata, ya gyaɗa kai.
Wanda ake ƙara ya musa, ya gyaɗa kai.
Ƙuda ya matso gabansa, ya gyaɗa kai,
ya miƙa harshe ya lanƙwame shi.
Ashe shi ne shaida.

Na yi dariya har yaji ya sarƙe ni.
A gindin shafin an sa sha ɗaya.
To ina goma? Ina sha biyu?

Barau ya ce, "Ni a kilo nake saye,
ba na karanta rigar nama.
Ga buhun can, tona."
Na tona: takardun jarrabawa, rasit na kemis,
kalandar shekarar da aka haifi ƙanena,
sai can ƙasa shafi na huɗu:
kunkuru ɗan acaɓa, hularsa a karkace,
ya ɗauko akuya mai naƙuda za su Shika,
kafin su kai Kwangila ɗan ya yi ƙaho.

A gefe, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero:
Maɗaba'ar Ɗan Tsako, Sabon Gari.

Kwana uku ina cigiya.
Mai faci ya tura ni ga mai shayi,
mai shayi ya ce sai na sha tukun,
na sha, ya nuna min lungun da ke bayansa.

Shago ne kamar akurki,
da injin da ya girme ni yana tari, yana tofo katin suna.
Tsoho Jatau ya karɓi shafin da yatsu biyu,
ya shinshina. "Ƙuli ya yi yawa," in ji shi.
"Ɗari uku muka buga.
Arba'in da ɗaya muka sayar.
Gara ta karance ɗari, ba ta biya ba.
Ragowar, ka ga inda suka ƙare."

Na ce wa ya zana?
Ya nuna da haɓa.
Lantana ce, 'yarsa, tana lissafin kuɗin kati,
goyo a baya, tawada har gwiwar hannu.
"Wannan shirmen?" Ba ta ɗago ba.
"Ina sakandare na yi shi, da biron aro."
Can kuma, a hankali:
"Wanne ya ba ka dariya?"

Guda ɗaya ya rage cikakke,
an ninke shi an tokare ƙafar inji.
Mu uku muka ɗaga ƙarfen.
Ga bushiya tela, ba ta sayen allura.
Ga zakara da ya makara, yana ɗora wa agogo laifi.
Ga shafi na sha biyu:
an ɗage shari'a, alƙali ya ƙoshi.

Na ciro dubu. Jatau ya ƙi.
"Bango ya ce naira ashirin,
ni kuwa ba ni da canji."
Muka tokare injin da kwalin sabulu.

Ina fita na waiwaya.
Ta juya bayan wani rasit,
biro na tafiya, tana cije leɓe.
Na hango kan kunkuru, da ƙafar babur ɗaya.

Yanzu in na wuce katangar gidanmu da hantsi
na tarar da jangwada yana shan rana,
sai in rage murya, in ce Allah gafarta Malam.
Shi kuwa, ko bai ji ƙarar ba,
ya riga ya yarda.