Tabon da ke Amsawa

Shekara arba'in ina ƙirar fari a Mokoyo.
Dutse in yana da tabo, ko tayi ba na yi,
in miƙa wa mai shi, in ce Allah ya kawo kasuwa.

Jiya Cima ta dawo daga jami'a,
ta iske ni ina goge warwaron wata amarya.
Ta miƙo salula: Baba, duba.
Baƙin fili, sai ɗige-ɗige ja
kamar garwashin masu tsire a tasha
daren da aka ɗauke wuta.

Ta ce lu'ulu'u ne.
Na yi dariya har na ƙware.
Ni za a koya wa lu'ulu'u?

Ta ce ya fi garin kwalli laushi,
dubu a jere, da ƙyar su kai kaurin gashin gira.
A haska masa kore, ya amsa da ja,
kuma ba ya koɗewa kamar rini.
Wai ana so a goya masa magani,
ya bi jini ya je inda ciwo ya yi sheƙa,
ya zauna cikin ƙwayar jiki
yana faɗa wa likita ko ta yi zafi.

Na ce me ke sa shi haske?
Ta ce gurbi ne, Baba.
Wuri guda a jikinsa babu kowa,
gefensa kuma wani baƙo ya zauna.
Da ya cika fal, da bebe ne.

Na ajiye warwaro.

A ɗaki Sahura na kwance ta gefen dama,
hagu ta ƙi kwantuwa tun damina.
Sau biyu muna hawa motar Yamai
da ƙullin nan na ƙarƙashin hammata,
na sayar da ma'aunin zinariyata a na biyun.

Na ce to, a sa wa uwarki.
Cima ta dubi ƙasa.
Tukuna, Baba. Yanzu sai a kwalba, sai a ɓeraye.
Wata nawa?
Ba ta ce komai ba, ta tashi ɗora ruwan zafi.

Bayan lisha na jawo gwangwanin madara
inda nake zuba waɗanda na raina,
masu tsaga, masu gajimare a ciki.
Na zazzage su a tafin hannu,
na kunna cocila.

Ba wanda ya amsa.
Na daɗe ban kashe ba.