Abin da Ke Cikin Ramin

Ni mai wache ce a Aboabo.
Ɗakina ɗaya, dab da famfo,
shinkafa a bayan ƙofa, wake a ƙarƙashin gado.
Ina kashe fitila sai su fara,
ƙiris, ƙiris,
kamar tela na yanka yadi cikin duhu.

Na shiga Kejetiya na sayo tarko, sidi goma sha biyu,
na ɗana shi da kan busasshen kifi.
Da asuba kifi ya yi gaba,
tarko na nan baki buɗe kamar mai jiran labari.
A dare na uku ya yi kamu:
babban yatsana na ƙafar hagu.

Wani mai lasifika a tasha
ya rantse mini da kabarin kakarsa,
wai garin nan, ɓera na lasa sai barzahu.
Na barbaɗa shi a kan guntun dokunu.
Kazar Maame Serwa ce ta karya kumallo da shi.
Na biya kaza,
na biya ƙwan da ba ta kai ga sakawa ba,
har yau in mun haɗu a famfo
bokitinta take kallo.

Na aro kyanwar Baba Seidu mahauci.
Wadda ta saba da hanta
ina ruwanta da ɓera?
Ta haye buhu ta yi miƙa,
su kuma ana ta biki a ƙarƙashinta.

Issaka magini ya ce, Adiza,
in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Zuba hatsinki a duro mai murfi,
ki yi shara kafin ki kwanta,
sauran ki bar wa siminti da fasasshiyar kwalba.

Ran Lahadi muka fid da kaya tsakar gida,
katifa, tukwane, rediyon da ya daina magana.
Da muka ja akwatin ƙarfe na marigayiya Inna
sai ga ramin,
bai fi bakin kofi ba.
Issaka ya sa guduma.

Audugar matashina. Ɓawon gyaɗa. Leda.
'Ya'ya biyar jajaye, ido bai buɗe ba.
Shimfiɗarsu kuwa
guntayen takarda ne, kore da shunayya,
nan rabin lamba, can rabin fuska,
ga kuma tsumman da na ƙulle su ciki.

Kuɗin adashi, ɗari huɗu,
da na tura bayan akwati cikin watan azumi.

Mutala ɗan ƙanwata ne ke wanke mini tukwane a lokacin,
shekara goma sha shida, ga kunya kamar amarya.
Na zazzage jakarsa a gaban 'yan haya,
gajeren wando biyu, soso, hoton uwarsa.
Ya ce, Anti, ban ɗauka ba.
Sau ɗaya ya faɗa, bai ƙara ba.
Kashegari ya bi motar dare zuwa Ankara.
An ce yana tura baro a Agbogbloshi,
an ce ya rame.

Issaka ya kwashe sheƙar da shebur,
bai dube ni ba, Allah ya saka masa.
Ya cusa kwalba, ya shafe da siminti,
ya ce kada a taɓa sai jibi.

Yau kwana tara ɗakin shiru.
Duro a rufe, ƙasa tsaf, ko tsaba ɗaya babu.
Na nemi barcin da na daɗe ina bin ɓera bashi,
ya ƙi zuwa.

Lambar yaron na jikin bango,
shi ya rubuta da gawayi tun bara.
Sau biyu na danna na katse.
A na uku ya ɗauka,
ƙarar kasuwa a bayansa, wani na ta horon.
Ya ce, Anti, lafiya?
Guntun sidi ashirin na cikin tafina, ya jiƙe da gumi.
Na ce, Mutala,
ka ci abinci?